Aljanun Silimar Turkiyya da Aljanun da Alƙur'ani Ya Faɗa Mana

Muna farawa da sunan Allah. Godiya ta tabbata gare Shi, Mahaliccin abin da idanunmu ke gani da abin da aka ɓoye musu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, wanda aka aiko zuwa ga mutane da aljanu baki ɗaya, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, dalilin wannan darasi tambayoyi ne guda biyu da suka iske mu cikin mako ɗaya. Ta farko, wani saurayi daga cikin masu ɗaukar karatun Risala ya tsaya bayan an watse, ya ce: "Allah gafarta Malam, wai gaskiya ne Dabbar da za ta fito a ƙarshen zamani ita ce intanet?" Muka tambaye shi a wane littafi ya ga haka. Sai ya sunkuyar da kai, ya ce ba littafi ba ne, wani fim ne na Turkawa, amma fa akwai ayoyi a cikinsa. Ta biyu kuwa, wani magidanci ne ya zo mana da damuwa a kan ɗiyarsa mai shekara 14. Ta bar fita kewaye da dare, ba ta barci sai fitila na kunne, kuma ko kyanwa ta gitta sai ta zabura da kuwwa. Ya nemi mu je mu yi mata ruƙiyya, domin a zatonsa an shafe ta. Da muka bi sawun maganar, sai muka iske ita da ƙawayenta sun ɗauki makwanni suna haɗa kai a kan salula guda suna kallon irin waɗannan fina-finai.

Ba za mu ɓoye muku ba, sai da muka zauna muka kalli wasu daga cikinsu, muka kuma karanta tarihinsu, domin malaman usulu sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san kamanninsa. Abin da muka gani ya cancanci a yi masa zama na musamman. Fim ɗin tsoro na Amurka, yaro yana kallo ya san na wasu mutane ne masu wani addini. Wannan kuwa akwai kiran salla a cikinsa, akwai tsohuwa da carbi, akwai malami da rawani yana karanta Falaƙi da Nasi. Mai kallo ba ya ɗaukarsa wasa, darasi yake ɗaukarsa, kuma nan ne haɗarin yake.

Yadda abin ya faro

Masu shirya silima a Turkiyya sun daɗe suna gwada fim ɗin tsoro, amma da farko aro suke yi. A shekarar 1953 sun kawo Darakula, dodon nan mai shan jini na tatsuniyar Turawa, suka sauke shi a birnin Santambul. A 1973 aka yi wani fim a Amurka mai suna The Exorcist, labarin yarinyar da shaiɗan ya shiga jikinta, limaman coci suka zo fitar da shi. Shekara guda bayan haka, a 1974, wani sanannen mai shirya fim na Turkiyya, Metin Erksan, ya sake shirya labarin kusan ƙafa da ƙafa, ya sa masa suna Şeytan, watau Shaiɗan. Inda aka sa fada ya sa liman, inda aka sa littafin Nasara ya sa Alƙur'ani, inda aka sa ruwan coci ya sa zamzam. Ku riƙe wannan da kyau, domin za mu dawo gare shi. Yarinya ɗaure a gado, murya mai kauri, jiki na murɗewa, malami na kokawa da abin har numfashinsa ya kusa ƙarewa, duk wannan siffa daga Amurka ta zo, riga da hula kawai aka sauya mata.

Akwai kuma wani tarihi da ya kamata a sani. Bayan faɗuwar daular Usmaniyya ta Turkawa, gwamnatin Mustafa Kamal ta soke halifanci a 1924, ta kafa hukumar Diyanet don kula da masallatai da limamai, ta rufe makarantun addini na da. A 1925 ta yi dokar rufe zawiyoyin ɗariƙu, dokar da ta hana duba da tsafi da tofi don neman kuɗi da rubuta laya don cika buri. A 1928 aka bar haruffan Larabci aka koma na boko. Doka tana iya rufe ƙofar zawiya, amma ba ta iya fitar da tsoron aljani daga zuciyar baƙauye. A ganinmu abin da ya faru shi ne ilimin ya ragu a bainar jama'a, camfin kuwa ya koma cikin ɗaka, ya faɗa hannun waɗanda Turkawa ke kira cinci hoca, ana karanta shi jinji hoja, watau malamin aljanu. Irin wannan mutum ba sabo ba ne a ƙasarsu. A zamanin Sarki Ibrahim, wanda ya yi mulki daga 1640 zuwa 1648, an yi wani Husaini Afandi da aka fi sani da wannan laƙabi. Ya shiga fada da sunan yi wa sarki magani, ya kai har muƙamin babban alƙali, ya tara dukiya mai yawa ta hanyar sayar da muƙamai. Da aka tuɓe sarkin, aka ƙwace dukiyarsa aka kashe shi a 1648.

Sabon yayin ya soma ne a 2004 da wani fim mai suna Büyü, watau Sihiri. A daren da aka taru don buɗe shi a Santambul gobara ta tashi a ginin, jama'a kuwa suka yi ta raɗe-raɗin cewa aljanu ne suka yi fushi, abin da ya fi kowace talla amfani ga masu shi. A 2006 Hasan Karacadağ, wanda ya zauna a Japan ya koyi salon fim ɗin tsoro na can, ya fito da Dabbe. Ya ci gaba da jera su har guda 6 zuwa 2015, ya kuma yi wani mai suna Semum a 2008. Abokin gasarsa Alper Mestçi ya yi Musallat a 2007, sa'an nan ya buɗe jerin Siccin a 2014, ya yi ta ƙara masa kashi bayan kashi, har mutanen Indunusiya suka sake shirya na farkon da harshensu a 2023. Masu kwaikwayo kuwa suka biyo baya tuli, domin sana'a ce mai arha: tsohon gida guda a ƙauye, ƴan wasan da ba a sani ba, na'urar ɗaukar hoto a hannu tana rawa, sai a rubuta a farko cewa wai labarin ya faru da gaske.

Me ya sa wannan ya karɓu alhali Darakula bai karɓu ba? Domin Baturke bai taɓa kwana da tsoron Darakula ba, amma ya tashi yana jin kakarsa na hana shi zuba ruwan zafi a ƙasa da dare ba tare da neman izini ba. Da yawansu ma ba su iya furta sunan aljani, sai su ce üç harfliler, watau masu haruffa uku, don kalmar cin haruffa uku ce, kuma suna tsoron in an ambace su za su zo. Har fim aka yi da wannan suna a 2010. Mu ma nan mun san mai cewa "mutanen ɓoye" yana waige-waige. Allah Maɗaukakin Sarki kuwa Ya ambaci sunansu a fili, Ya saukar da sura sukutum da sunan, yaranmu na karanta ta a allo ba abin da ya same su.

Sunayen da aka ciro daga Littafi

Mu koma ga tambayar saurayin nan. A rubutun Turkanci harafin c ana karanta shi j, saboda haka Siccin shi ne Sijjin. Dabbe ita ce Dabba, Semum shi ne Samum. Duka kalmomin Alƙur'ani ne, kuma ba don neman albarka aka zaɓe su ba. An zaɓe su ne don su ba ƙagaggen labari nauyin wahayi.

Fim ɗin Dabbe na farko an gina shi a kan cewa Dabbar ƙarshen zamani ita ce intanet, wadda ta shimfiɗu a doron ƙasa kamar saƙar gizo ta shiga kowane gida, aljanu na bi ta cikinta suna halaka mutane. Wannan tawili ne na mai fim, ba na mai tafsiri ba. Abin da ya tabbata shi ne aya ta 82 cikin Suratun Namli ta ba da labarin wata dabba da Allah zai fitar daga ƙasa ta yi wa mutane magana idan hukunci ya wajaba a kansu, kuma hadisin Huzaifa ɗan Asidu da Muslim ya ruwaito ya lissafta ta cikin manyan alamomi 10 na tashin Alƙiyama. Mun yi imani da haka yadda ya zo. Siffarta da tsawonta da wurin fitowarta, mafi yawan abin da ake faɗa a kansu bai inganta ba, kuma abin da Allah Ya bari a rufe ba mai shirya wasa ne zai buɗe shi ba.

Ga kuma abin da ya fi ba mu mamaki. Lafazin dabbatul ardi da ake ta maimaitawa a fim ɗin, a wannan siga ya zo ne a Suratu Saba'i aya ta 14, kuma can ba dodo ake nufi ba, gara ake nufi, wannan ƴar ƙwaron da ke cin azarar ɗakunanmu. Annabi Sulaimanu, amincin Allah ya tabbata gare shi, ya rasu yana dogare da sandarsa, aljanu na gabansa suna ta aikin wahala, ba su san ya rasu ba, har sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Allah Ya kawo ƙissar ne don a san aljanu ba su san gaibu ba. Gawa na gabansu ba su gane ba! To, kalmar da aka saukar a wurin tona rauninsu, ita aka ɗauka aka liƙa a kan fim shida masu nuna cewa sun san komai, suna ganin komai, ba mai kuɓuce musu.

Sijjin kuma fa? Buɗe Suratul Muɗaffifina, aya ta 7 zuwa ta 9. Can ne aka ce littafin ayyukan fajirai yake, kishiyar Illiyyuna inda na mutanen kirki yake. Da wa surar ta fara? Da masu tauye mudu, waɗanda in za su saya sai a cika musu har ya zuba, in za su sayar sai su rage. Ke nan wanda ya kamata gabansa ya faɗi in ya ji kalmar Sijjin shi ne mai awon hatsi da ya bubbuga gindin tiyarsa, da mai sikelin da ya san ba daidai yake ba. Yau ka ce wa yaro Sijjin, abin da zai zo masa a rai mace ce mai fararen idanu tana rarrafe a bango. An ɗauke tsoron daga inda zai gyara kasuwa, an kai shi inda ba zai gyara komai ba. Samum kuwa wutar da aka halicci aljani da ita ce, kamar yadda aya ta 27 cikin Suratul Hijri ta nuna, bayanin asalin wata halitta ne kamar yadda aka bayyana namu asalin na yumɓu.

Inda suka dace da inda suka karkata

Adalci ya sa mu faɗi abin da suka dace a kai. Aljanu gaskiya ne, wanda ya musanta samuwarsu ya ƙaryata Alƙur'ani. Suna ganinmu ta inda ba mu ganinsu, an kallafa musu bauta kamar yadda aka kallafa mana, a cikinsu akwai muminai akwai kafirai. Sihiri ma gaskiya ne, kuma fina-finan sukan nuna cewa wanda ya je wurin boka ƙarshensa nadama, wannan kam ba mu da ja a kai. Shigar aljani jikin mutum kuwa, jumhurun Ahlus Sunna sun tabbatar da yiwuwarta, suna kafa hujja da aya ta 275 cikin Baƙara. An ruwaito haka daga Imamu Ahmad, Ibnu Taimiyya wanda ya rasu a 728 bayan Hijira ya ƙarfafa shi, alhali wasu daga Mu'utazilawa kamar Jubba'i sun musa. Mai son faɗaɗawa ya nemi Akamul Marjan na Badaruddini Shibli, wanda ya rasu a 769, ko taƙaitawar da Suyuɗi ya yi masa, amma ya sani su ma waɗannan littattafai sun tara ingantacce da mai rauni.

Karkatar tana wajen ma'auni. Ɗauki kashin Dabbe na 2013, wanda ya fi sauran yawo a duniya. Wata likitar ƙwaƙwalwa da ba ta yarda da shafar aljanu ba ta tafi ƙauye tare da wani malami don duba wata amarya da ta haukace a daren lallenta. Ana karatu, ana tona layu, ana kokawa, a ƙarshe sai a gano cutar daga cikin dangi ta fito, kuma likitar da malamin ba wanda ya wanye lafiya. Haka mafi yawansu suke ƙarewa, domin in addu'a ta ci nasara tun a farko ba a samu fim ba, in kuma aka kashe dodon ba za a samu kashi na biyu ba. Sana'arsu ce ta buƙaci aljani ya rinjayi. Amma yarinya mai shekara 14 ba ta san lissafin kasuwa ba. Abin da ta gani da idonta shi ne an karanta Ayatul Kursiyyu abin bai tafi ba.

Alƙur'ani kuwa akasin haka ya koyar. Suratun Nisa'i aya ta 76 ta siffanta makircin Shaiɗan da rauni. Suratu Ibrahim aya ta 22 ta ba mu labarin yadda shi da bakinsa zai yi iƙirari ranar Alƙiyama cewa ba shi da wani iko a kan mabiyansa, kira kawai ya yi suka amsa. Ayar sihiri, ta 102 cikin Baƙara, a wurin da ta ambaci raba miji da mata, nan take ta ɗaure cutarwar da izinin Allah. Ga masu ɗan nahawu kuma, kalmar musallat da aka sa wa fim ɗin 2007 da kalmar sulɗan tushensu ɗaya, ma'anarta wanda aka ba iko a kan wani, kuma wannan ikon ne Suratun Nahli aya ta 99 ta kore wa Shaiɗan a kan waɗanda suka yi imani suka dogara ga Ubangijinsu. Abu Huraira, Allah Ya yarda da shi, ya kama shaiɗan da hannunsa dare uku yana satar abincin zakka, shaiɗan ne ke roƙo a sake shi, kamar yadda Buhari ya kawo. Ina wannan, ina malamin silima da ake jefawa da bango? Mafi muni, Suratul Jinni aya ta 6 ta nuna cewa lokacin da wasu mazaje suka riƙa neman tsarin aljanu saboda tsoro, ba abin da hakan ya ƙara sai ɗagawa da wahala. Tsoron da kansa shi ne ƙofar.

Labarin Musallat kuwa na wani saurayi ne da ya tafi bida Jamus, kamar yadda dubban Turkawa suka yi tun daga 1961, ya bar amaryarsa a ƙauye, aljanin da ke sonta ya riƙa zuwa mata da kamannin mijin. Wannan ya tuna mana abin da aka ruwaito daga Imamu Malik, cewa mutanen Yaman sun rubuto masa suna tambaya a kan auren aljani, sai ya ƙi buɗe wannan ƙofa, don gudun kada mace ta yi ciki a tambaye ta ta ce mijinta aljani ne, ɓarna ta yawaita. Dubi inda hankalin Imamu ya tafi, bai tsaya kan abin al'ajabi ba, ya dubi abin da maganar za ta haifar a cikin gidaje.

Mu ma nan ya kamata mu duba. Siccin na farko labarin mace ce da ke son ɗan'uwanta mai aure, ta je wurin boka a halaka matarsa. A kusan dukansu mai sammun na gida ne: goggo, suruka, ƴar'uwa, maƙwabciya. Wanda ya sha irin wannan kallo, ranar da ɗansa ya kwanta ciwo ko kasuwarsa ta tsaya, kafin ya tuna da ƙaddara zai tuna da kishiyar uwarsa. Mun sha zaman sulhu a kan irin wannan zargi tun kafin fim ɗin Turkiyya ya iso, kuma ba mu taɓa ganin zargin da ya fi shi wuyar wankewa ba, domin ba shaida ba rantsuwar da ke kashe shi. Wani lokaci ma "aljanin" da ke bakin marar lafiya ne ke ambatar sunan wadda ta turo shi, a kuma gaskata shi, alhali ko da aljanin ne da gaske, yaushe shari'a ta karɓi shaidar fasiƙin da ba a gani a kan Musulma?

Mai jego da mai farfaɗiya

Cikin camfin Turkawa akwai wata da suke kira Alkarısı, wadda wai take faɗa wa mace mai jego cikin kwana 40 na farko, don haka ba a barinta ita kaɗai, a ɗaura mata jan ƙyalle, a sa wuƙa ƙarƙashin matashi. Wannan ya girmi Musuluncinsu, daga tsohon addinin kakanninsu na tsakiyar Asiya ya taho, shuɗin dutsen nan mai kamar ido da suke ratayawa don kambun baka shi ma ba daga Musulunci ya taho ba. Masu silima sukan zuba irin waɗannan da ayoyi a tukunya ɗaya, baƙo ba ya iya tsince wanne ne addini wanne ne gado. Abin da tsofaffinsu ke kira kamun Alkarısı kuwa, zafin jiki da sambatu da gane-gane bayan haihuwa, likitoci sun san shi, sau da yawa zazzaɓin ƙwayar cuta ne da ke shiga mahaifa, yana kisa in an yi jinkiri, yana kuma jin magani in an yi sauri.

Wannan shi ne abin da ya fi tsaya mana a rai. Mai ciki da ta kama jijjiga saboda hawan jini, yaron da masassarar damina ta hau masa kai yana sanƙarewa, mai farfaɗiya da ke faɗuwa yana kumfa, duk kamanninsu ɗaya da abin da silima ta koya wa mutane su kira shafar aljani. Awa biyu da za a ɓata ana turare da tsawa a kunne na iya zama ita ce tsakanin rai da mutuwa. Ibnul Ƙayyim, a cikin Zadul Ma'adi, tun ƙarni na 8 na Hijira ya raba farfaɗiya gida biyu, wadda ke zuwa daga miyagun ruhohi da wadda ke zuwa daga lalurar jiki, ya bar ta biyun ga likitoci. Matar nan mai farfaɗiya da ta zo wurin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, a hadisin Ibnu Abbas da Buhari da Muslim suka ruwaito, bai sa an ɗaure ta ba, bai sa an doke ta ba, bai tambayi wa ya yi mata ba. Ya ba ta zaɓi tsakanin addu'ar waraka da haƙuri mai sakamakon Aljanna, ta zaɓi haƙuri, ta roƙi kada tsiraicinta ya riƙa buɗewa, ya yi mata addu'a a kan haka.

Ruƙiyya halal ce, Ibnu Abi Zaidin ya ambaci halaccinta a ƙarshen Risalar da ke hannunku. Ibnu Hajar ya kawo sharuɗɗanta: ta kasance da maganar Allah ko sunayenSa da siffofinSa, da harshen da ake gane ma'anarsa, a kuma ƙudurce cewa ba ita ke warkarwa da kanta ba, Allah ne. Sahabin da ya yi wa shugaban wata ƙabila tofi bayan kunama ta harbe shi, Fatiha kawai ya karanta. Ba madubi, ba yanka baƙin bunsuru, ba tambayar sunan uwa, ba ɗaki mai duhu, ba keɓewa da matar wani. Malamin silima kuwa da waɗannan ake ƙawata shi, rabinsa mai ruƙiyya rabinsa boka, har yaranmu su ɗauka wanda bai zo da kayan ban tsoro ba bai iya ba. Wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, Muslim ya ruwaito cewa ba a karɓar sallarsa ta dare 40. Kuma ruƙiyya ba ta hana zuwa gidan likita, uba na iya karanta wa ɗansa Falaƙi da Nasi a kan babur suna hanya.

Game da kallon kansa, abin da muke gani shi ne a nisanta shi daga yara da masu raunin zuciya da masu fama da waswasi, nisantawa ta wajibi a kan iyaye, domin Abu Dawuda ya ruwaito hanin firgita Musulmi, ɗanka kuwa shi ya fi cancantar kada ka bari a firgita shi. Babba mai hankali ma ba mu ga abin da zai ƙaru da shi ba, ga karatun Alƙur'ani ana cakuɗa shi da kiɗa da jini da ƙazanta, ga siffofin tsafi ana nuna su dalla-dalla. Ba mu kafirta waɗanda suka shirya su, ba mu san zukatansu ba, ƴan kasuwa ne da suka gano abin da ke sayuwa.

Magidancin nan kuwa mun bi shi gidansa. Ba mu yi wa yarinyar ruƙiyyar da ya nema ba, don gudun kada mu tabbatar mata da abin da take tsoro. Mun zauna da ita gaban mahaifanta, muka buɗe Suratu Saba'i, ta karanta ayar da bakinta, muka fassara mata ƙissar sanda da gara, har ta yi murmushi. Muka ce uwarta ta riƙa kwana kusa da ita, su karanta Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi tare kafin barci, a karɓe salular da dare, in kuma rashin barcin ya wuce wata guda a kai ta ga likita. Da muka haɗu da uban bayan Juma'a biyu, ya ce ta koma fita kewaye ita kaɗai, sai dai har yanzu da fitila a hannu. Muka ce ya bar mata fitilar, ko don kunama.